Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Namun Daji a Kan Tsauni Lokacin Bazara

A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, saman manyan tsaunuka kan yi wata shida ko bakwai a rufe. Da ƙanƙarar ta narke sai komai ya taso lokaci guda: ciyawa ta fito, furanni su buɗe, ƙwari su cika wuri, tsuntsaye su hauro daga kwari ko su iso daga ƙasashe masu nisa, su yi sheƙa su ƙyanƙyashe kafin sanyi ya dawo. Wannan ɗan tsakanin, daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta a arewacin duniya, shi ake nufi da bazara a nan. A kudancin duniya, kamar tsaunukan Ajantina, Disamba zuwa Fabrairu ne. Yawancin misalan da za su biyo daga tsaunukan Alps na Turai suke, amma tsarin aikin bai canja a wani tsaunin.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin ƙafa ne, wanda ya fi hawa shi ya fi gani. Ba haka ba ne. Wanda ya san inda zai zauna da lokacin da zai zauna ya fi wanda ya wuni yana tafiya ganin abubuwa, nesa ba kusa ba.

Kayan da za ka tanada

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jigon aikin. A jikinsa za ka ga lamba biyu, misali 8x42. Ta farko tana nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, wanda shi ke tara haske. Ga mai farawa 8x42 ya fi dacewa, domin yana nuna fili mai faɗi kuma yana da haske da asuba. Idan nauyi ya dame ka, 8x32 ya isa. Mai 10x42 yana da kyau a buɗaɗɗen wuri, sai dai bayan ka hau gangare kana haki, rawar hannunka ma sau 10 za ta ƙaru. Kada ka sayi mai 12 ko fiye, haka nan wanda ake ƙara masa ƙarfi ana ragewa. Hotonsu duhu ne kuma ba ya tsayawa.

Tun a gida ka daidaita shi da idonka. Lanƙwasa ɓangarorin biyu har da'ira biyun da kake gani su zama ɗaya. Rufe gilashin dama na gaba da tafin hannu, ka juya ƙafar tsakiya, wato abin murɗawa da ke tsakanin ɓangarorin biyu, har wani rubutu mai nisa ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke wajen idon dama, ba tare da taɓa ƙafar tsakiya ba, har rubutun ya sake fitowa. Daga nan ƙafar tsakiya kaɗai za ka riƙa juyawa. Mai sa tabarau ya murɗa robar bakin ido ta koma ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗago ta. Mutane da yawa suna shekara da madubi suna fama da ciwon kai alhali wannan gyaran na minti biyu ne ba su yi ba.

Babbar na'urar hangen nesa mai ido ɗaya, wadda ake ɗorawa a kan ƙafa uku, tana kusanto da abu sau 20 zuwa 60, kuma da ita ake ganin dabba a gangaren da ke tsallaken kwari. Ita da ƙafarta sukan kai kilo 3 zuwa 4, wanda ba ƙaramin kaya ba ne a hawa. Ba dole ba ce a farko. Idan babu, ka zauna ka dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ko ka ɗora madubin a kan sanda ko jaka. Hoton da ya tsaya cak ya fi hoto babba mai rawa nuna abu.

Ka samu littafin tsuntsayen yankin mai zane, ko manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka, wadda kyauta ce. Sauke kundin yankin tun kana da intanet, domin a tsauni sabis yakan ɗauke. Yawancin tsuntsayen nan ba su da suna a harshenmu, shi ya sa aka kawo sunansu na kimiyya a nan. Da shi za ka same su a kowane littafi ko da wane harshe aka rubuta shi. Ɗauki ƙaramin littafin rubutu da fensir, saboda biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Sanyi yana cinye batirin waya da wuri, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki.

Sutura hawa uku ake sawa: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Kada ta cikin ta zama auduga, domin tana riƙe gumi, da ka zauna sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da ka hau. Wato idan digiri 25 ne a gindin dutse a mita 800, a mita 2,800 wajen 12 za ka tarar, kafin a sa iska a lissafi. Hula mai rufe kunne da safar hannu ba sa barin jaka ko a tsakiyar Yuli. Launin kayan ya zama mai duhu-duhu, toka ko ruwan ƙasa ko kore, yadin kuma kada ya zama mai ƙara idan ka motsa. Takalmi mai ƙarfin tafi wanda ya rufe idon sawu, kuma wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi.

Sauran su ne ruwa aƙalla lita 2, guzuri, taswirar takarda da kamfas, tocilar goshi, usur, kayan agajin farko da hantsaki a ciki, baƙin tabarau, da man kariya daga rana. Hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman leɓe da karan hanci. Sai guntun soso na zama. Ƙaramin abu ne, amma shi ke sa ka iya zaman awa guda a kan dutse mai sanyi maimakon minti goma.

1. Zaɓi wata da hanya

Idan kukan tsuntsaye kake so, farkon Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne lokacinsa, sa'ad da maza ke kuka don tsare yankinsu. Daga ƙarshen Yuli suna yin shiru, amma a lokacin ne 'ya'ya ke fitowa, hanyoyin sama kuma sun rabu da ƙanƙara. Sama da mita 2,500 ƙanƙara takan kai Yuli, don haka ka tambayi ofishin gandun dajin yankin halin da hanya take ciki kafin ka tashi.

Kada a ruɗe ka da kalmar bazara a tsaunukan da ke da damina. A Himalaya ta Nefal da tsaunukan Simien da Bale na Habasha, Yuni zuwa Satumba ruwa ne da gajimare. Can sai a je kafin damina ko bayanta.

Zaɓi hanyar da ta ratsa wurare iri-iri, ba wadda ta kai ƙololuwa mafi tsawo ba. Ƙololuwa yawanci dutse ne tsirara, tsuntsayenta kaɗan. Wanda ƙarfinsa bai kai hawa ba ya nemi inda titin mota ya ƙetare tsauni ko inda keken igiya ke kai mutane sama, ya iso da sassafe, ya yi tafiyar minti ashirin daga hayaniyar tashar. Ka karanta dokokin wurin. A gandun ƙasa na Suwizalan, wanda aka kafa a 1914, haramun ne sauka daga hanyar da aka shata, ba a shiga da kare, ba a tsinkar fure. Saboda haka ne dabbobinsa suka saba da ganin mutum a wuri ɗaya, har ake ganinsu da sauƙi.

2. San benayen dutsen

Tsauni kamar gidan bene yake, kowane hawa da mazaunansa. Wanda ya san wannan ya rage wa kansa rabin wahalar ganewa, domin tsuntsu ɗari biyu na littafi sun koma goma sha biyar da za su iya kasancewa a inda yake tsaye.

A ƙasa akwai kwari da rafi mai gudu. Duba duwatsun tsakiyar ruwa masu farin kashi a kai. Nan Cinclus cinclus yake tsayawa, ɗan dunƙulallen tsuntsu mai ruwan ƙasa da farin ƙirji, yana ta durƙusawa yana miƙewa, sai ka ga ya nutse cikin ruwan sanyi yana neman tsutsar ƙwari a ƙasa.

Sai kurmi, wanda a Alps yakan ƙare tsakanin mita 1,800 da 2,200, ya ɗan wuce haka a wasu kwaruruka na ciki. A samansa za ka ji kuka mai kaushi na Nucifraga caryocatactes, ɗan uwan hankaka mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari. Yana binne dubun-dubatar 'ya'yan itacen Pinus cembra a ƙasa don hunturu, waɗanda ya manta kuma su ne ke tsirowa su zama sabon kurmi.

Iyakar itatuwa, inda suka gajarce suka warwatsu cikin ciyawa da ƙananan tsirrai, nan ne wuri mafi albarka a duk dutsen, domin mazauna sama da na ƙasa suna haɗuwa a nan. Idan awa biyu kaɗai gare ka, a nan za ka kashe su. Nemi Turdus torquatus, baƙin tsuntsu mai farin jinjirin wata a ƙirji, a kan tsinin ƙaramin itace.

Sama da nan filin ciyawa ne mai warwatsattsun duwatsu. Ɗan tsuntsun da zai tashi gabanka ka ga farin gindin jela da baƙin baki a ƙarshenta, ya sauka a wani dutsen ya miƙe tsaye, Oenanthe oenanthe ne. Nauyinsa wajen giram 25, kuma kudu da Sahara yake yin hunturu. Waɗanda ke ƙyanƙyasa a Alaska suna yin kusan kilomita 14,500 zuwa Afirka, su sake yin haka a komawa. Nan kuma ramukan mamot suke, dabba mai kama da ƙatuwar gafiya mai kauri, wadda ke barci daga wajen Oktoba zuwa Afrilu.

Can sama buraguzan duwatsu ne da bango tsaye. Makwarwar ƙanƙara, Lagopus muta, fara ce sol a hunturu, a bazara kuma ta koma launin dutse, fuka-fukanta da cikinta kaɗai ke zama farare. Sau da yawa sai ka kusa taka ta za ka san tana nan. Baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki da jan ƙafa da ke wasa da iska a garke su ne Pyrrhocorax graculus. Wanda kowa ke burin gani shi ne mahayin bango, Tichodroma muraria, ɗan toka-toka mai tsawon santimita 16 da siririn baki lanƙwasasshe. Yana hawan bango yana buɗe fuka-fuki yana rufewa kamar malam-buɗe-littafi, ja jawur yana walƙawa. Neme shi a bango mai inuwa da danshi, kusa da inda ruwa ke zuba.

3. Tsara yini da agogon dutse

Kowane rukuni da lokacinsa. Ƙananan tsuntsaye suna kuka tun kafin fitowar rana har wajen ƙarfe 9. Masu kofato suna kiwo da asuba da yamma liƙis, da rana ta yi zafi sai su kwanta a inuwa ko gefen ƙanƙara. Gaggafa da ungulu kuwa sai rana ta ɗumama gangare, iska mai ɗumi ta fara tashi, sannan su hau ta ba tare da kaɗa fiffike ba, wato daga wajen ƙarfe 9 ko 10. Bayan tsakar rana hadari yakan taso. Saboda haka ka ratsa kurmi da duku-duku, ka kasance a iyakar itatuwa da fitowar rana, ka zauna a buɗaɗɗen wuri da hantsi, ka bar doron dutse kafin ƙarfe 1 ko 2.

Don lissafin tafiya akwai tsohuwar ƙa'idar mahaya dutse ta Naismith, ta 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai tafiya ba tsayawa ne. Mai kallon tsuntsu ya ninka. Kilomita 5 da hawan mita 600 awa 4 ke nan gare ka.

Rana ta kasance a bayanka. Da safe ka fuskanci yamma, ka kalli gangaren da rana ta fara haskawa. Shi ne kuma ke fara ɗumi, ƙwari da gaggafa duk nan suke farawa. Idan ka fuskanci rana kowane tsuntsu baƙi zai fito maka. Kafin ka fita, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.

4. Hau a hankali

Daga mita 2,500 iska ta yi ƙaranci, wasu sukan kamu da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Idan za ka kwana sama da mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma ka huta yini guda duk bayan kwana 3 ko 4. Wanda ya ji alamun kada ya ƙara hawa. Idan ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, a sauko da shi nan take ko da dare ne. Mai ciwon sikila ko mai ɗauke da ƙwayarta, da mai ciwon zuciya ko huhu, ya ga likita kafin ya shirya tafiyar, domin ƙarancin iska yana iya tayar da ciwon.

5. Tafi, tsaya, saurara

An ce gani ya kori ji, amma a kurmi ji ne ke kai ka ga gani. Yi taku talatin ko arba'in, ka tsaya minti ɗaya cur. Ƙarar takalminka da numfashinka suna rufe yawancin kukan da ke kewaye da kai. Idan ka ji kuka, sa tafin hannu a bayan kunnuwa ka juya kai a hankali har ka gane ta inda yake fitowa, sannan ka jira motsi. Kada ka bi shi cikin daji, zai yi ta ja da baya ne. Kada kuma ka taɓa tafiya da madubi a ido. A tsauni ko dai kana tafiya kana duban ƙafarka, ko kana tsaye kana duban tsuntsu.

6. Zauna ka lalube gangare

Wannan shi ne ainihin sana'ar. Nemi wurin da kake ganin gangare guda sosai, ko mahaɗar kwari biyu. Kada ka tsaya a kan doron dutse inda siffarka za ta fito a sararin sama. Duk abin da ke ƙasa zai gan ka tun daga nesa. Sauko mita kaɗan, ka jingina da dutse ko tsiro. Idan za ka leƙa bayan tudu, ka rage tsawo, ka ɗago kai kaɗan-kaɗan, kana duba kowane sabon yanki da ya bayyana kafin ka ƙara.

Tsuntsu da ido yake tsaron kansa, dabba mai kofato kuwa har da hanci. Iskar tsauni tana da ɗabi'a: da dare da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi, bayan rana ta hau kuma sai ta juya ta riƙa haurawa. Ke nan da asuba ƙanshinka ƙasa yake bi, gara ka kasance ƙasa da dabbar. Da hantsi sama yake bi, gara ka kasance daidai da ita ko sama. Saki ɗan busasshen ciyayi ka ga inda ya nufa.

Da ka zauna, ka ba wurin minti 15 zuwa 20 ya manta da kai. Fara duba da ido tsirara, saboda ya fi madubi kama motsi. Sannan ka ɗauki madubin ka raba gangaren layi-layi kamar kunya a gona, daga hagu zuwa dama, ka sauko ka dawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne zazzaga madubi da gudu. Tsayar da shi wuri ɗaya daƙiƙa 5 zuwa 10, idonka ya yi yawo cikin da'irar, sannan ka matsa. Kada ka nemi dabba sukutum. Nemi yankinta: miƙaƙƙen layin gadon baya a inda komai ke karkace, lanƙwasar ƙaho, kaɗawar kunne, dutsen da ya fi 'yan uwansa santsi.

Akwai wuraren da ake maimaita dubawa. Gefen ragowar ƙanƙara, domin iska tana zubar da ƙwari a kai su sandare, ƙasan da ta narke kuma da danshi da sabon tsiro, sai ƙananan tsuntsaye su taru. Saman manyan duwatsu. Layin da dutse ya haɗu da sama. Tsagar bango mai farin kashi a ƙarƙashinta, alamar wurin saukar babban tsuntsu.

Idan ka ga abu da ido, kada ka sunkuyar da kai neman madubi. Kafe idonka a kan abin, ka ɗago madubin ya same ka. Ka yi ta gwada wannan a gida da wayar lantarki ko reshe har ya zama jiki. Nuna wa abokin tafiya da fatar baki, da alamar da ba ta motsi: "farin dutsen nan mai tsaga, tsawon mutum biyu a damansa." Miƙa hannu da sauri yana korar abin.

Mazauna wurin ma za su taimake ka. Mamot yana da usur mai ƙarfi. Idan ya yi guda ɗaya mai kaifi kowa ya faɗa rami, ɗaga kai nan take, sau da yawa gaggafa ce ta biyo gangaren ƙasa-ƙasa. Idan ya jera da yawa, abin a ƙasa yake, ko dila ko kare ko kai kanka. Haka idan hankaki suka taru suna kururuwa suna kai sura wuri ɗaya, akwai abin da suke kora.

7. Gane abin da ka gani

Bi wannan jerin: girma, siffa, ɗabi'a, wuri, sannan launi. Launi ya zo ƙarshe saboda hasken tsauni yana canja shi. Girma ma yana ruɗi a sarari, don haka ka gwada da wani tsuntsun da ke kusa.

Manyan masu shawagi uku ake yawan rikitawa. Gaggafar zinariya, Aquila chrysaetos, faɗin fuka-fukanta wajen mita 2, tana ɗan ɗaga su sama idan tana shawagi, jelarta matsakaiciya. Ƙaramarta tana da farin tabo a kowane fiffike da farin gindin jela. Ungulun Gyps fulvus fuka-fukansa faffaɗa ne kamar ƙyaure, jela gajeriya, kai ƙarami, kuma yawanci a garke suke. Ungulu mai gemu, Gypaetus barbatus, fuka-fukansa dogaye ne masu tsini da suka kusa mita 3, jelarsa doguwa mai siffar bakin mashi. Ƙashi ne mafi yawan abincinsa. Wanda ya fi ƙarfin haɗiya yakan ɗauka sama ya sako a kan dutse ya fashe. An ƙarar da shi a Alps a farkon ƙarni na 20, aka fara sakin waɗanda mutane suka yi rainonsu, a gandun Hohe Tauern na Ostiriya a 1986, na farko ya ƙyanƙyashe a daji a Faransa a 1997. Babban baƙin hankakan dutse ma jelarsa haka take, daga nesa yakan yaudari mutum. Jira ka ga kaɗa fiffike, nasa sauri ne, na ungulun a hankali kuma jefi-jefi.

Tsattsewa babba mai farin ciki da ke tsaga iska kusa da bango ita ce Tachymarptis melba. Masu bincike a Suwizalan sun ɗaura wa wasu na'ura, suka bayyana a 2013 cewa sun yi kwana 200 a sama ba sauka, a tafiyarsu zuwa Afirka ta Yamma da zamansu can.

A masu kofato, bunsurun dutse, Capra ibex, ƙahonsa kauri ne mai gaɓa-gaɓa, ya lanƙwasa baya, yana iya kaiwa mita 1. Na macen gajere ne. A ƙarni na 19 saura wajen 100 suka rage a duniya, a tsaunin Gran Paradiso na Italiya, wanda ya zama gandun ƙasa a 1922, kuma duk na Alps na yau zuriyarsu ne. Rupicapra rupicapra, wata dabba mai kama da akuya, ta fi shi ƙanƙanta da tsoro, ƙahonta siriri mai ƙugiya a ƙarshe, fuskarta fara da baƙin zane daga ido zuwa hanci.

Rubuta abin da ka gani, ko ka zana, kafin ka buɗe littafi. Da zarar ka ga hoto, zuciya takan ƙara wa tsuntsun alamun da ba ka gani ba. Manhaja mai gane kuka tana kuskure idan akwai iska ko ƙarar rafi, don haka shawara ce take bayarwa, sai ido ya tabbatar. A Yuli da Agusta 'ya'yan bana sun cika wuri da launin da bai yi kama da na iyayensu ba. Jira ka ga wanda zai zo ya ciyar da su. Wanda ba ka gane ba ka rubuta shi a haka.

8. Bar tazara

Bazarar tsauni gajeriya ce, tsuntsun da ya rasa ƙwansa sau da yawa ya rasa shekarar ke nan. Idan uwa ta tashi daga kan ƙwai a wurin da sanyi yake, mintoci kaɗan sun isa su lalace ko hankaka ya ɗauke. Ma'auni mai sauƙi: idan dabba ta bar abin da take yi saboda kai, ka yi kusa da yawa. Tsuntsu mai ƙwaro a baki yana kewaya ka ya ƙi sauka, ko makwarwa tana jan fiffike kamar ta karye, duk suna nufin sheƙa ko 'ya'ya na kusa. Koma ta inda ka fito kana duban inda kake takawa. Gandun Yellowstone na Amurka ya sa doka: mita 91 daga beyar da kerkeci, mita 23 daga sauran manyan dabbobi. Wannan mafi ƙaranci ne.

Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi. Namijin zai bar ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi. Kada ka ba mamot ko tsuntsu abinci. Jirgi marar matuƙi haramun ne a gandaye da yawa, dabbobi suna ɗaukarsa gaggafa su ruga a kan bango da 'ya'yansu. Ɗan dabbar da ka tarar kwance shi kaɗai ba maraya ba ne, uwar na kusa, kada ka taɓa. Idan ka gano sheƙar gaggafa ko ungulu, ma'aikatan gandun za ka gaya wa, ban da yaɗa wurin a intanet.

Shanun da ke kiwo a sama sun fi namun daji yawan ji wa mutane ciwo a Alps. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Karen da ke gadin tumaki idan ya taso maka, tsaya cak, kada ka gudu ko ka ɗaga sanda, sannan ka kewaye garken da nisa. Inda akwai beyar kuwa shirun da aka koya maka bai dace a cikin duhuwa ba. Ka riƙa magana don kada ka yi mata ba-zata, idan kun haɗu ka ja da baya a hankali.

9. Idan hadari ya taso

Farin gajimaren da ya fara hawa sama kamar hasumiya kafin tsakar rana sanarwa ce, fara sauka. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa ka raba da 3, ka samu nisan da kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 kana cikin hatsari. Bar doron dutse, itace tilo, bakin kogo da igiyar ƙarfe. Ajiye ƙafar na'ura da sandunan ƙarfe nesa, ka tsuguna a kan jaka ƙafafu haɗe, idan kuna da yawa ku warwatsu. Jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Hazo idan ya rufe, kada ka yanke hanya. Tsaya a kan wadda ka sani. Kiran agaji a tsauni shi ne busa usur ko haska tocila sau 6 cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake. Amsarsa sau 3 ne. Lambar gaggawa a Turai 112.

10. Bayan an sauko

Duba jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa, matsematsi da hammata. Kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ban da matse cikinta ko shafa mata mai. Idan jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin cikin kwanaki ko makonni, ko zazzaɓi ya biyo, je asibiti ka ambaci cizon.

A daren nan ka gyara rubutunka: kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, tsawon wurin da mita, yanayin sama, kowane iri da adadinsa, da abin da yake yi, kamar ɗaukar abinci ko ciyar da ɗa. Tsawon wurin ne ya fi muhimmanci, domin da irin wannan bayanin masana ke bin yadda wasu tsuntsaye ke matsawa sama yayin da duniya ke ɗumama. Kana iya shigar da shi a eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet da aka buɗe a 2002. Lissafin awa ɗaya a wuri ɗaya ya fi amfani a can fiye da jerin yini guda da ya haɗa kwari da ƙololuwa. Madubin kuma ka cire shi daga jaka, ka buɗe marufansa ya sha iska a ɗaki har safe. Hure ƙurar da ke kan gilashin kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar dutse tana karce shi.